Ajin Faransanci da Kunyar Ɗan Fari

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifina, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai ya ce, "Ina yaron nan?" In kuwa ina tsaye a gabansa yana son ya aike ni, sai ya dubi katanga ya ce, "A je a sayo kananzir." Ni kuma in ɗauki kwalba in tafi, tunda na san katanga ba ta zuwa kasuwa. Kunyar ɗan fari ke nan. Ba ƙiyayya ba ce, haka aka yi masa, haka aka yi wa ubansa. Innata ma haka take, har ta fi shi. Saboda haka duk maganar da ta shafe ni, daga ɗinkin salla har shiga makaranta, wan Baba ne yake yanke ta, wanda muke kira Baffa.

Gida ɗaya muke a cikin garin Kontagora, zaure ɗaya muke shiga, kowa da sashensa. Baffa malami ne, a zauren nan yake ba da karatu safe da yamma, kuma a gabansa na fara nawa tun ban iya ɗaura wando ba. Baba kuwa boko ya yi, ya zama malamin dabbobi. Rabin wata yana gida, rabi yana rangadi wajen Rijau ko Nasko ko Beri, yana bin rugage yana yi wa shanu allura. In ya dawo, warin magani ne ke riga sallamarsa shigowa gida.

Na shiga sakandare ba da jimawa ba bayan an gama yaƙin basasa, muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yi Jihar Neja ba tukuna. A makarantarmu 'yan aji ɗaya kan ɗanɗana Larabci da Faransanci duka biyun. In shekara ta zo ƙarshe sai a ba kowane yaro takarda ya kai gida, uba ko mai riƙo ya rubuta harshe ɗaya ya sa hannu. Wanda aka rubuta maka shi za ka riƙe har ka fita, ba canji, domin lokaci ɗaya ake shiga azuzuwan biyu.

Larabcin makaranta bai ba ni wahala ba, haushi ya ba ni. Daga alif aka fara, saboda a ajinmu akwai yaran ƙauyuka, 'ya'yan manoma, wasunsu Kiristoci, waɗanda ba su taɓa riƙe allo ba. Ni da nake bin Baffa a littattafan nahawu, sai ga ni zaune ina maimaita baƙaƙe kamar ɗan shekara biyar. Ba raina harshen nake yi ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake da shi cike da tukunya a gida ne ake ba ni da cokali a makaranta.

Faransanci kuwa sabon abu ne fil. Malaminmu wani dogo ne siriri, mutumin Dahome, Hausarsa ta kasuwa ce. Yakan sa mu tsuke baki kamar masu hura wuta mu fitar da wasu sautuka da babu su a Hausa, babu su a Turanci. Yara su yi ta ƙyaƙyata dariya, ni ma in yi, amma in na koma gida sai in shige bayan rumbu in yi ta gwadawa ni kaɗai. Kafin rabin shekara ya dawo da ni benci na gaba. In baƙo ya zo duba aji, ni yake tayarwa in yi karatu. Kaina ya fasu, ba zan ɓoye ba.

Wata rana da damina Baba ya dawo daga Rijau. Al'adarsa in ya dawo daga tafiya, a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa yake fara zama, kakarmu da muke kira Iya, ya ba ta labarin hanya. Ni kuma kullum ina can, don a wurin Iya kawai nake da baki a gidan nan. Mijinta take kirana, muna ta tsokanar juna. Ina gefe ina ɓare gyaɗa sai ya zaro wata takarda mai maiƙo daga aljihu ya shimfiɗa a kan tabarma. Ya ce wasu Fulani ne suka gangaro da shanu daga ƙasar Faransa, haka mutane ke kiran Nijar a lokacin, suka ƙi yarda a yi wa shanunsu allura, wai an riga an yi musu a can, ga shaida. Takardar ta zaga ofishinsu kaf ba wanda ya iya karanta ta. Bai san allurar wace cuta aka yi ba, bai san yaushe ba.

Iya ta dube ni ta ce, "Kai maigida, zo ka gwada mana. Ko bokon naka na cin tuwo ne kawai?"

Na matso na duba. Na gane watan, na gane yawan shanun, na gane sunan garin da aka buga hatimi. Sunan cutar ne ya gagare ni. Na kwafe shi a bayan littafina, washegari na kai wa malaminmu, ya ce ciwon huhu ne. Da na dawo na gaya wa Iya, Baba yana zaune yana ji.

Sai ya yi murmushi, yana kallon ƙafarsa, ya ce, "Iya, ki gaya wa mijin nan naki ya riƙe abin nan da kyau. Na ji an ce za a ba su takardar zaɓen harshe. In ta zo a bar ni da Yaya, ni zan yi masa magana."

Yaya shi ne Baffa. Iya ta ce mini, "To, ka dai ji da kunnenka, ka hutar da ni kai saƙo."

Na ji kuwa. Ban taɓa jin ya ce zai tsaya mini a kan wani abu ba sai ranar, kuma daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Daga nan ya shiga wata sabuwar ɗabi'a. In ya dawo daga rangadi sai in tarar da wani abu a kan akwatina, takardar cikin kwalin magani mai rubutun Faransanci, ko yagaggen shafin jarida da fatake suka ƙunshe masa goro a ciki. Ba ya cewa shi ya ajiye, ni ma ba na cewa na gani. Na ɗauka magana muke yi da juna, irin wadda aka yarda mu yi. Na shiga saƙar zuci: ga ni a Yamai, ga ni a Kwatano, ga ni tafinta tsakanin manya, ana zuwa ana ba Baba labarina.

Ran wata Juma'a aka ba mu takardar, aka ce a dawo da ita Litinin. Na kai wa Iya, ta ba Baba, na ga ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Asabar ta wuce shiru. Na ga sun tafi masallaci tare da Baffa, sun dawo tare, na ce a raina ai an gama magana a hanya. Ran Lahadi bayan la'asar aka ce Baffa yana kirana a zaure.

Na shiga na durƙusa. Baffa yana kan buzunsa, littattafai jibge a gefensa. Akwai wasu dattawan unguwa biyu da suke ɗaukar karatu a wurinsa, ba su tashi ba. Baba yana zaune can kusa da ƙofa, inda ƙane yake zama, da takardar a hannunsa. Ban so ganin dattawan nan a wurin ba, amma na danne.

Baffa bai yi boko ba, sai ya sa Baba ya karanta ya fassara. Ya saurara yana shafa gemu. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "To, kai wanne kake so?"

A nan na yi nawa kuskuren, kuma har yau ina cizon yatsa. An koya mana cewa yaro mai tarbiyya ba ya zaɓe a gaban manya. Ga shi kuma ina da wanda ya ce a bar shi da maganar. Me zai sa in zubar da mutuncina a banza? Na sunkuyar da kai na ce, "Duk wanda kuka zaɓa mini, Baffa."

Dattawan suka ce madalla. Baffa ya dubi Baba ya ce, "Kai ne ɗan boko, kai ka san kan abin nan. Me ka gani?"

Baba ya ce, "Yaya, ni ina da ta cewa ne? Ɗanka ne."

Na ce a raina ladabi ne, sharar fage yake yi, yanzu zai kawo maganar. Baffa ma kamar haka ya ɗauka, domin ya gyara zama ya ce, "Na san ɗana ne. Shawara nake nema. Kai kake yawon duniya, ni ina nan zaune. In akwai abin da ka hango wa yaron nan, faɗi, ba laifi."

Wallahi ƙofa aka wangale masa. Na ɗago kai na dube shi, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba. Na ga leɓensa ya motsa. Sai ɗaya daga cikin dattawan, wani mai yawan raha, ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, so kake ka sa shi ya yi rashin ta-ido a gabanmu? Mutum ya zauna yana tsara wa ɗan farinsa? Ai gidan nan ba a san su da haka ba."

Aka yi dariya. Baba ma ya yi, wata 'yar guntuwa. Ya ce, "Duk abin da ka yanke, Yaya, shi ke nan."

Baffa ya ɗan jira. Da ya ga ba ƙari sai ya ce, "To, tunda haka ne, a bar shi a kan abin da ya gada. Rubuta Larabci."

Baba ya zaro alƙalaminsa na tawada, ya ɗora takardar a gwiwa, ya rubuta. Rubutunsa mai kyau ne, kowa ya sani. Bai yi gaggawa ba, har ya hura tawadar don ta bushe. Baffa ya sa hannu da ajami, aka shafa fatiha, aka miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Godiyar nan ita ta fi ƙona mini rai in na tuna.

Ban tsaya ko'ina ba sai ɗakin Iya. Na jefar da takardar a gadonta na fashe da kuka, ƙato da ni. Ta tambaye ni, na gaya mata. Sai ta ce, "Ai ka san ba zai iya ba a gaban mutane."

Na ce, "To wa ya sa shi ya yi alkawari? Ni na roƙe shi? Kwana biyu takardar tana aljihunsa, bai ga Baffa shi kaɗai ba?"

Ta ce, "Rufe mini baki, ubanka ne." Amma ta jawo mayafinta ta fita. Ita ta haife su duka biyun, ba ta neman iznin shiga wurin kowa. Ba ta jima ba ta dawo. Ta ce Baffa ya yi mamaki ƙwarai. Shi bai san ina so ba, bai san an yi wata magana ba. Ya zaɓi Larabci ne don yana zaton abin da ƙanensa ke so ke nan yake jin nauyin faɗa. Ya ce sau biyu ya tambaya, da an ce masa uffan da ya bi. Yanzu an shafa fatiha a gaban mutane, ba zai tashi shi kaɗai ya warware ba a ce yaro ya juya shi. Amma in Baba ya zo da bakinsa ya ce a sake, ko da safe ne kafin a tafi makaranta, za a sake.

"Na kuwa biya na gaya wa uban naka," in ji Iya. "Share hawayenka. Ni ban ga ranar miji mai kuka ba."

Litinin da safe na shirya da wuri, na je na tsaya a tsakar gida inda Baba yake jingine kekensa. Na riƙe takardar a buɗe a ƙirjina, yadda ba zai ce bai gani ba. Baffa yana zaure, taku goma ne tsakani, kuma shi kaɗai ne, masu karatu ba su fara zuwa ba. Baba ya fito. Ya matsa tayar gaba, ya matsa ta baya, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ɗaure jakar allurai a bayan keken. Duk ina tsaye. Ya turo keken har ya zo daidai da ni, ya ɗan tsaya. Ya dubi katanga ya ce, "A yi sauri kada a makara."

Ya bi ta zaure. Na ji ya gaida Baffa, sun tambayi juna kwanan iyali, sannan na ji ƙararrawar kekensa a waje.

A hanya na yi tunanin in kankare rubutun da reza in sa nawa. Na yi tunanin in jefa takardar a kwata in ce ta ɓace. Ban yi ko ɗaya ba, kuma gaskiya ba tsoron Allah ne ya hana ni ba, tsoron bulala ne da abin da za a ce a gida. Malamin Faransancin ne ma yake karɓar takardun a ƙofar aji, yana raba su gida biyu. Ya karɓi tawa yana murmushi, har ya sa ta a ɓangarensa bai duba ba. Sannan ya duba. Ya sake dubawa. Ya ce, "Kai? Ba ka so shi?" Na ce, "Haka aka zaɓa a gida." Ya ce, "Babanka ya ƙi?" Na rasa yadda zan bayyana wa baƙo cewa babana bai ƙi ba, shi ya fi kowa so, kuma shi ya rubuta wancan da hannunsa. Ya girgiza kai ya mayar da takardar ɗaya ɓangaren. Daga ranar in na gaishe shi da Faransanci, da Hausa yake amsa mini.

Na shiga ajin Larabci. Ina zuwa na ɗaya ba tare da na buɗe littafi ba, ana ba ni kyauta, Baffa yana sa mini albarka. Ba ni da abin da zan ce da Larabci sai godiya, da shi na ci abinci har na ajiye aiki. Amma bango ɗaya ne ya raba azuzuwan biyu, kuma bai kai rufi ba. Ina zaune ina jin su suna wuce inda na tsaya, yau kaɗan gobe kaɗan, har ranar da na kasa kunne na ji ban gane ko kalma ɗaya ba. A gida kuwa ban sake tarar da komai a kan akwatina ba. Na daina zama a ƙofar ɗakin Iya in ya dawo daga tafiya. Ina gaishe shi, ina zuwa aike, ba wanda zai ce ga abin da ya canza, amma na riƙe shi a zuciya, riƙo mai tsanani. Duk da haka ina nema masa uzuri. Nakan ce wa kaina mutumin nan bai iya ja da wansa ba ne, haka Allah ya yi shi, ko a kan wa.

Bayan shekara biyu ƙanena mai bi mini ya gama aji ɗaya a makarantar, aka ba shi tasa takardar. Shi ba ruwansa da Larabci, ba ruwansa da Faransanci, ƙwallo ce a gabansa. Ko Sinanci aka rubuta masa ba zai lura ba. Aka kira shi zaure bayan la'asar. Ina wurin ina ɗaukar karatu, dattawan nan biyu ma suna nan. Baffa bai ma tsawaita ba, ya ce, "Ai sai ya bi sawun yayansa."

Sai na ji Baba ya yi gyaran murya. Ya kira sunan ƙanena, ya ce ya matso kusa da shi, ya dafa kansa. Ya ce, "Yaya, a gafarce ni, wannan kam Faransanci nake so ya yi." Ya shiga kawo dalilai a natse. Ƙasashen da suka kewaye mu duk da shi suke aiki. Larabci ga shi nan a gida, ba inda zai je. Gida kamar namu bai kamata a ce babu mai jin harshen nan ko mutum ɗaya ba. Dalilai ne masu kyau, da ji ka san ya daɗe da tsara su. Dattawan suna ta gyaɗa kai suna cewa gaskiya ne.

Baffa ya ce, "To, ai kai ka sani. A rubuta."

Iyakarta ke nan. Ba a kai tsawon shan ruwa a moɗa ba. Ba wanda ya ɓata rai, ba wanda ya ce ya yi rashin kunya. Ina zaune da littafi buɗe a cinyata ba na ganin ko baƙi ɗaya. Ashe ya iya. Ashe ba Baffa ne ya fi ƙarfinsa ba. Gara masa ya ci amanata da a ce a unguwa an ga ya nuna son ɗan fari.

Baba ya laluba aljihu, ya ce ya bar tabaransa a ɗaki. Ya miƙo takardar da alƙalamin gefen da nake, ya ce, "A ba yaron nan ya rubuta."

Na karɓa. Na ɗora a kan littafina na rubuta Faransanci a gaban sunan ƙanena, na miƙa wa Baffa ya sa hannu. Aka ja fatiha, ni ma na ɗaga hannu na shafa tare da su.